Bangon gidajen Pompeii: wa aka yi wa adon?

A watan Afrilun 2024 masu tonon kayan tarihi a Pompeii, garin nan na kudancin Italiya da dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya binne a shekara ta 79 Miladiyya, suka fito da hotunan wani ɗakin walima mai baƙin bango. Tsawonsa kimanin mita 15, faɗinsa mita 6. A kan baƙin nan an zana mutanen tatsuniyar yaƙin Troy: ga Paris da Helen, ga Apollo yana zawarcin Cassandra. Hotunan suka karaɗe jaridu, kowa na cewa kai ka rantse jiya mai fenti ya ajiye buroshi. Shugaban wurin, Gabriel Zuchtriegel, ya ce an zaɓi baƙi ne don kada hayaƙin fitilun mai ya nuna a bango, tunda sai rana ta faɗi ake zaman cin abinci. Bayanin ya gamsar. Amma wa ke zuba wa fitilun mai? Wa ke shigo da akussa, kuma in baƙi sun watse, ina yake sa haƙarƙarinsa?

Zanen bangon gidan Rumawa talla ce. Maigida ne ke gaya wa mai shigowa ko shi wane ne, ko kuma yadda yake so a ɗauke shi. Wanda ya leƙa ɗakunan da suka sha ado kaɗai ya ce ya san gidan, bakin maigida kawai ya ji.

A tsaya a titi tukuna. Gidan mai hali a Pompeii ba ya nuna kansa daga waje: bango a miƙe, tagogi 'yan ƙanana can sama, galibi da shaguna dama da hagu da ake ba 'yan haya ko a sa yaran gida su riƙe. Ƙofar ce ke aiki. Da safe a buɗe take, magini kuma ya jera komai a layi ɗaya, ta yadda mai wucewa zai hango siririn lungun shiga, bayansa babban falon da suke kira atrium, bayansa ɗakin maigida, tablinum, can ƙurya kuma hasken lambu da ginshiƙan da suka kewaye shi. Rufin atrium a huje yake a tsakiya. Ruwan sama na zubowa ta nan cikin wani ɗan kwarmi mai kusurwa huɗu, ya gangara ramin ajiya da ke ƙarƙashi, haske ma ta hujin yake shiga. A falon nan ake girke akwatin kuɗi mai ɗaurin ƙarfe, a fili, inda ido zai sauka a kansa.

Mai karatu zai tuna da zaure, kuma akwai kama, domin nan ma maigida ke karɓar masu gaisuwa. Sai dai zaure kare ido yake yi, ƙofarsa ta ciki a karkace take don kada baƙo ya hango tsakar gida. Maginin Rumawa akasin haka ya nema: ka hanga, ka ga zurfin gidan, ka kuma san iyakar inda ƙafarka za ta kai. Kowace safiya masu cin arzikin maigida, 'yantattun bayinsa da masu neman rance da masu shari'a a gaban alƙali, kan taru a atrium su kai gaisuwa, shi kuwa yana ɗakinsa, hasken lambu a bayansa. Vitruvius, maginin da ya rubuta littafin gini a zamanin Sarki Augustus, bai ɓoye ba: ya ce mai matsakaicin hali ba ya bukatar babban falo da ɗakin karɓar baƙi, tunda shi ke zuwa gidan wasu, ba a zuwa nasa. Aminai da manyan baƙi su ake zarcewa da su ciki, ɗakin cin abinci, inda gadaje uku ke ɗaukar mutum tara a kishingiɗe kan gwiwar hannun hagu, kowa da gurbinsa gwargwadon girmansa.

To a kan wannan tsari aka shimfiɗa fenti. Wani masani Bajamushe, August Mau, ya raba zanen bangon zuwa salo huɗu a 1882, kuma har gobe da rabonsa ake aiki. Salo na farko kwaikwayon dutsen marmara ne: a yi filasta, a fitar da ita tubali-tubali, a shafa mata launi ta yi kama da duwatsu masu tsada na fadojin sarakunan Girkawa. Na biyu, daga wajen shekara ta 80 kafin Miladiyya, shi ne mai ban mamaki, domin mai zane ya koyi huda bango da buroshi. Kana cikin ɗaki ƙarami, amma ga ginshiƙai, bayansu ga wasu benaye, bayansu ga sararin sama. Wani ɗakin kwana daga Boscoreale, kusa da Pompeii, da yanzu ke gidan tarihin Metropolitan a New York haka yake. Na uku ya rufe bangon ya mayar da shi fili mai launi ɗaya, ja ko baƙi ko rawaya, da ɗan hoto a tsakiya da siraran ginshiƙai da ba za su ɗauki ko tsuntsu ba. Na huɗu, wanda ake yayi lokacin da dutsen ya fashe, ya tattaro duka ya cakuɗa.

Vitruvius ya tsani inda abin ya dosa. Ya yi ta mita cewa ana zana karan rafi a madadin ginshiƙi, ana fitar da rabin mutum daga cikin fure, abubuwan da babu su kuma ba za su yiwu ba. A nan ban bi shi ba. Marmarar salo na farko da yake yabo ita ma ai filasta ce, kowa kuma ya sani. Babu baƙon da ya taɓa ƙoƙarin fita ta ƙofar da aka zana. Wasa ne da maigida da baƙo suka san ƙa'idarsa, kuma a wasan ne ake auna mutum. Dubi Gidan Faun, mai kimanin murabba'in mita 3,000, da atrium biyu da lambuna biyu, inda aka samu shahararren daɓen ƙananan duwatsu na yaƙin Alexander da Dariyus sarkin Farisa a 1831. Masu gidan ba su rasa kuɗin sabon fenti ba, amma suka bar tsohon salo na farko a bangonsu har ranar ƙarshe, bayan yayinsa ya wuce da fiye da shekara ɗari. Saƙon a fili yake: mu ba jiya muka zo ba.

Gidan Vettii kuwa jiya suka zo, kuma bangonsu ya fi na kowa surutu. An san sunayen masu shi, Aulus Vettius Conviva da Aulus Vettius Restitutus, daga hatiman tagulla da aka tsinta a ciki, ana kuma kyautata zaton 'yantattun bayi ne da kasuwa ta karɓa. Akwatunan kuɗi biyu ne a falonsu. Ɗakunan da ke kallon lambu cike suke da hotunan tatsuniyoyin Girkawa, irin abin da ke nuna mai gida ya yi karatu. A wani ɗakin kuma, a kan siririyar ɗamara baƙa, an zana jarirai masu fukafukai suna sana'a: waɗannan na haɗa turare, waɗancan na ƙirar zinariya, ga masu wankin tufafi, ga masu cinikin giya. Mutanen da suka yi arziki da gumi sun sa an zana musu aiki, amma aikin da babu gumi a cikinsa. An sake buɗe gidan ga masu ziyara a Janairun 2023 bayan gyaran kusan shekara 20, wanda wani ɓangarensa ya tafi wajen kankare kakin da masu gyaran baya suka lafta wa hotunan da niyyar kare su.

Yadda ake aikin ma yana faɗin wa aka fifita. A kan danyar filasta ake shafa launi don ya shige ta kafin ta bushe, saboda haka iya abin da za a gama a yini ake yaɓawa, daga sama zuwa ƙasa, kuma mai lura zai ga gaɓar da aikin jiya ya haɗu da na yau. Vitruvius ya so a yi shafi uku na yashi, uku na garin marmara, a goge har ya yi sheƙi. Yawancin gidajen Pompeii ba su kai haka ba. Tsakiyar bango ake bar wa gwani. Akwai wani gida da ake kira Gidan Masu Zane a Bakin Aiki, inda dutsen ya riski ma'aikata ana cikin yi: ga 'yan kofuna da launi a ciki, ga kamfas na auna da'ira, ga hoton tsakiya an fitar da zayyanarsa ba a cika ba. Garin ya sha girgizar ƙasa a shekara ta 62, kuma gidaje da dama na cikin gyara lokacin da ajali ya zo. Dokar farashi ta Sarki Diocletian, ko da yake ta zo daga baya, a shekara ta 301, ta nuna tazarar: ɗan ƙwadagon gona dinari 25 a yini, mai fentin bango 75, mai zana hoto 150.

Launi ma ba ɗaya ba ne. Jar ƙasa da rawayar ƙasa araha suke. Ja mai ƙuna da ake haƙowa a Sifaniya kuwa sai da hukuma ta ƙayyade masa farashi, kuma Vitruvius ya ba da labarin wani magatakarda mai suna Faberius da ya shafa shi a bangon lambunsa a Roma, cikin kwana 30 rana ta mayar da shi baƙi, dole aka sake. (Jan da ake yi wa Pompeii kirari da shi ma, wani daga ciki rawaya ne da zafin aman dutsen ya toye.) Mai tsadar yana ɗakin da babban baƙo zai kishingiɗa. Da ka nufi madafa sai fentin ya fara ja da baya, ya koma fari da 'yan layuka, ko zane mai ratsin fari da baƙi irin wanda ke lungunan hidima a babban gidan Oplontis da ke kusa da Pompeii, daga nan ya ɗauke.

Akwai abin da za a ce a kan wannan ra'ayi, kuma ba ƙarami ba ne. Ba manya kaɗai ke fenti ba. Ƙananan gidaje da shaguna da wuraren sayar da abinci duk suna da zanensu, wani lokaci ɗan tsuntsu ɗaya a farin bango da babu wani baƙon da za a burge da shi. Ɗakin lambun Livia, matar Augustus, a Prima Porta kusa da Roma, rabinsa a cikin ƙasa yake don sanyi, an kuma kewaye shi da zanen itatuwan rumman da tsuntsaye. Da wuya a ce babu jin daɗin ido zalla a ciki. A madafa ma sau da yawa akan samu wurin bautar gumakan gida da macizai biyu a zane. Ƙari a kan haka, sunayen da masana suka laƙaba wa ɗakuna ba kullum suke dacewa da abin da aka tarar a ciki ba: atrium ɗin da ake ɗauka na alfarma an samu kabad-kabad da kayan saƙa a cikinsa. Duk na yarda. Amma wannan ƙara ƙarfafa maganar yake yi, domin kayan da ke ƙasa sun faɗi abin da bango ya ƙi faɗa.

A Nuwamban 2021, a Civita Giuliana da ke arewa da ganuwar Pompeii, aka tono wani ɗaki mai murabba'in mita 16. Taga ɗaya ce, ƙarama, can sama. Babu zane ko ɗaya. Gadaje uku na katako da igiya, biyu tsawon mita 1.7, ɗaya 1.4, watakila na yaro. Ga tukunyar fitsari, ga tuluna jingine a kusurwa, ga akwati da kayan linzami, ga sandar keken doki a kan gado. Ɗakin kwana ne kuma sito ne. Da zuba filasta cikin ramukan da katakon ya bari a toka aka dawo da siffar gadajen, dabarar da shugaban tonon Pompeii na wancan zamani, Giuseppe Fiorelli, ya fara amfani da ita a kan gawawwaki a 1863.

A ƙarshen 2023 kuma aka nuna wani gidan burodi a cikin gari: tagogi masu sandunan ƙarfe, babu ƙofar fita titi, ƙasa da gurabun da aka sassaƙa don jakunan da ke juya dutsen niƙa. Bayi da dabbobi tare ake kulle su. Hanyar fitarsu ɗaya, ta atrium ɗin gidan, kuma a gidan nan ne aka samu zanen faranti da gurasa da 'ya'yan itace da duniya ta yi ta raha a kansa wai kakan pizza ne. Duk a gida ɗaya.

Tun da aka fara tonon Pompeii a 1748 ido a kan kyakkyawa yake. Ma'aikatan sarakunan Naples yanke hoton tsakiya suke yi su kai fada, su bar bangon da rami, shi ya sa yau hoto na gidan tarihi, ɗakinsa na can wani wuri. Ɓarayin kayan tarihi ma abin da ke sayuwa suke bi, kuma ramukan da suka haƙa ne suka ja hukuma zuwa Civita Giuliana a 2017. Hukumar wurin ta kyauta da ta buɗe baje kolin rayuwar talakawa da bayi a Disamban 2023, amma baje koli rufewa yake yi. Abin da ya kamata shi ne duk gidan da aka buɗe wa masu ziyara a buɗe shi da madafarsa da makewayinsa da ke gefen murhu da ɗakin da ke ƙarƙashin matakala, a cikin hanyar da ake bi da mutane, kuma a kashe wa rufinsu kuɗi kamar yadda ake kashe wa ɗakin walima. Kusan kashi ɗaya cikin uku na garin na ƙarƙashin toka har yanzu, kuma ɗakin da babu zane shi ya fi saurin rasa mai tsaya masa in an zo rabon kuɗin gyara.