Dawowar Oasis bayan shekara 16

Wallahi na ji daɗin wannan labari na dawowar Oasis, ƙungiyar mawaƙan rock ɗin nan ta Ingila, amma ni abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne sulhun wa da ƙani. Noel da Liam Gallagher fa uwa ɗaya uba ɗaya ne, ƴan Manchester, tun watan Agustan 2009 da suka yi faɗa a bayan fage a Paris dab da za su hau dandali Noel ya tattara ya bar ƙungiyar, daga nan sai baƙar magana a jaridu da Twitter shekara da shekaru, kowa ya kama waƙarsa shi kaɗai. Sai gashi a Agustan 2024 sun sanar sun shirya, ranar 4 ga Yulin 2025 suka fito tare a Cardiff. Gaba tsakanin ƴan uwa ba ƙaramin abu bane, duk wanda ya gani a gidansu ya san yadda take cin iyaye.

Masu cewa kuɗi ne kawai ya haɗa su, to ko da kuɗin ne ai dai sun haɗu. Inda ban yarda ba shi ne maganar tikiti, mutum ya yi awoyi a layin Ticketmaster, shafin sayar da tikiti a intanet, yana zuwa ya tarar na wajen fam 150 ya haura fam 350, haba jama'a! Kuma talakawan Manchester ɗin nan su suka ɗaga su tun 1994, har aka kai ga taron waƙarsu na Knebworth a Ingila na 1996 da mutum kusan 250,000 suka halarta cikin dare biyu. Ya kamata a ce an tausaya musu a farashin nan gaskiya.