Wai gas ko sola? Ni dai ga inda na tsaya

Jama'a wannan musun na cewa ƙasashe masu tasowa su rungumi sola da iska ne ko su ci gaba da ƙona gas da kwal ya fara isata wallahi, don yawancin masu ɗaga jijiyar wuya a kai, ta kowane ɓangare, ba su taɓa kwana cikin duhu bisa dole ba. Mutum wajen miliyan 600 ne a Afirka kudu da Sahara ba su da lantarki kwata-kwata, ba wai ana kawowa ana ɗaukewa ba fa, a'a, wutar ba ta shiga gidajensu ba sam. Kuma nahiyar gaba ɗayanta hayaƙin da take fitarwa mai ɗumama duniya bai kai kashi 4 cikin 100 ba.

A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 ƙasashe masu kuɗi da yawa suka sa hannu wai za su daina zuba kuɗin gwamnati a ayyukan mai da gas da kwal na ƙasashen waje. Wata nawa aka yi? Fabrairun 2022 Rasha ta afka wa Yukren, gas ya yanke wa Turai, sai ga Jamus ta koma ta kunna tashoshin kwal ɗin da ta jingine, shugaban gwamnatinta na lokacin Olaf Scholz ya tashi takanas ta Kano har Senegal yana zancen gas, Italiya ta garzaya Aljeriya, gas ɗin Mozambik na farko da aka loda wa jirgi a ƙarshen shekarar ma Turai ya nufa. Ni ban ga laifinsu ba, ba shugaban da zai zura ido sanyi ya kashe masa mutane saboda wata takarda da ya sa wa hannu. Abin da ke ba ni haushi kawai shi ne gas ɗin halal ne idan jirgi zai kai musu, amma in mai shi ya ce a ranta masa ya gina tasha ya haska garinsa sai a fara masa wa'azin yanayi. Laifi tudu ne dai.

To amma ku masu cewa "kawai a ba mu gas da kwal shikenan" kada ku yi saurin tafa min. A wannan 2022 ɗin dai ku tambayi Pakistan da Bangladesh yadda suka ji. Sun gina tashoshi a kan gas ɗin da ake kawowa ta jirgin ruwa, da Turai ta shigo kasuwa da jakar kuɗinta farashi ya yi tashin gwauron zabi, jirage suka juya akala zuwa inda aka fi biya, su kuma aka bar su da tashoshi a tsaye da ɗaukewar wuta ta awanni. Duk ƙasar da ta gina tasha a kan man da ba nata ba ta ɗaura wa kanta neman dala ne kowane wata har shekara talatin, in kuɗinta ya faɗi wuta ta yi tsada, in an yi yaƙi a wani wuri da ba ruwanta wuta ta ɗauke. Kwal ɗin ma da ake ta yabo, Afirka ta Kudu ai a kansa take zaune, mafi yawan wutarta daga shi ne, ta narka kuɗi a tashoshin kwal na Medupi da Kusile aikin ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, amma a 2023 kusan kullum sai an yi rabon duhu unguwa-unguwa.

Sola kuma ba abin wasan yara ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka har yanzu. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faranti ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100. Pakistan ɗin nan a 2024 kaɗai ta shigo da farantan da suka kai megawat dubu 17, kuma ba don ƙaunar muhalli ba ne, mutane ne suka gaji da bil suka hau rufin gida da na masana'anta suka kakkafa abinsu. Ka ɗauki ƙauye mai gida sittin da ke nesa da babban layi, a ce sai an jawo waya kilomita arba'in an sa turansifoma, wallahi jikokinsu ma sai sun jira. Amma faranti shida da batir a rufin ƙaramin asibiti, a sati ɗaya an gama, firij ɗin allurar rigakafi ya kama sanyi, ungozoma ta daina cije waya a baki tana haska mai naƙuda da tocila hannuwanta biyu na aiki. Wanda zai ce wa wannan matar ta jira tashar gas bai san me yake faɗa ba.

Matsalar tana zuwa ne da magariba. Rana ta faɗi, daidai lokacin kowa ya dawo gida ya kunna fitila da fanka da talabijin, faranti kuma ya tashi daga aiki. Batir yana ta sauka a farashi, na yarda, yana riƙe gida yana riƙe shago, amma kamfanin siminti ko na narka ƙarfe ko na taki da injinsa ba ya tsayawa dare da rana fa? Ba ƙasar da ta fita daga talauci da cajin waya da kwan fitila biyu, sai da masana'anta mai ɗaukar mutum dubu aiki. Sin da ta fi kowa kafa sola a duniya ita ce kuma ke ƙona fiye da rabin kwal ɗin duniya, Indiya na da katafaren filin sola na Bhadla amma har gobe kwal ne ke ba ta kusan kashi 70 na wutarta. Ba wawaye ba ne.

Wasu Allah ya ba su mafita. Kenya tana samun kusan kashi 90 na wutarta daga tururin ƙarƙashin ƙasa na Olkaria da ruwa da iskar Turkana. Habasha ta gina dam mai megawat sama da dubu 5 a kan Nilu. Sai dai ruwan ma yana yaudara, fari ya janye ruwan dam ɗin Kariba a 2024 mutanen Zambiya suka riƙa yini su kwana ba wuta.

Amma ni inda na fi so a tsaya a kai shi ne kuɗin ruwan bashi, wanda ba a cika zancensa ba don ba shi da daɗin hoto. Tashar gas gininta da sauƙi, man ne kake ta biya a hankali. Sola kuwa duk kuɗin a ranar farko kake zubewa, bayan nan rana kyauta ce. Ke nan tsadar wutar sola kusan gaba ɗaya tsadar bashin da aka ci aka kafa ta ce. Mai kafawa a Afirka yana biyan ruwa ninki biyu ko uku na abin da mai kafawa a Turai ke biya, shi ya sa faranti iri ɗaya daga masana'anta ɗaya sai wutarsa ta fi arha a ƙasar da gajimare ya rufe rabin shekara a kan ƙasar da rana ke gasa mutane. Afirka ce ke da kusan kashi 60 na wuraren da suka fi dacewa da sola a duniya, amma a 2022 abin da aka kafa mata bai wuce kashi 1 na solar da aka kafa a duniya ba. A taron sauyin yanayi na Kopenhagen a 2009 ƙasashe masu kuɗi suka yi wa masu tasowa alƙawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, sai 2022 aka cika, a lissafinsu ma, kuma mafi yawansa bashi ne ba kyauta ba. Duk mai son talaka ya bar gas to ya rage masa ruwa a bashin sola, zai ga an bari ba tare da an yi masa wa'azi ba.

Gwamnatocin ƙasashen nan su ma ba za su sha ba. Ka samar da wutar da kake so, in layin da zai ɗauke ta ya ruɓe, ba mita, ma'aikatun gwamnati su ne kan gaba wajen ƙin biyan bil, kamfanin rarrabawa bashi ya yi masa katutu, to aikin banza ne. Biyetnam ta kafa sola kamar hauka a 2019 da 2020, layi ya kasa ɗauka, aka riƙa umartar masu tashoshi su rage wuta da tsakar rana. Gas bai gyara wannan, sola ma haka.

Ni dai ra'ayina, ƙasar da ke da gas a ƙasarta ta ƙona abinta ta riƙe dare da masana'antu, kada ta ji kunyar kowa, ta fara ma da wanda ake babbakawa a banza a bakin rijiyoyin mai. Wadda ba ta da shi kada ta yarda a lallaɓa ta ta gina sabuwar tashar kwal ko gas na shigowa, ta zuba ƙarfinta a rana da iska da ruwa da sayen wuta daga maƙwabta. Ƙauyuka masu nisa kuwa sola, yau ba gobe ba.

Yanzu Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka sun ce za su kai wa mutum miliyan 300 wuta kafin 2030. Madalla. Ni abin da zan sa wa ido shi ne yadda za a yi ƙirgen, don in gidan da aka ba wa fitila ɗaya da wurin cajin waya za a rubuta shi cikin waɗanda suka samu wuta, to za a cika adadin a takarda alhali mai walda da mai injin niƙa na garin suna nan suna sayen dizal.