Malami da tukunyar abinci ne ke riƙe yaro a aji

Tun bayan gobarar da ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta birnin Yamai a watan Afrilun 2021, da wadda ta biyo baya a Maraɗi a watan Nuwamban wannan shekara, inda ƙananan yara da dama suka rasu, maganar ilimin firamare a Nijar ta karkata ga gine-gine. Wajibi ne a raba yaranmu da rumfunan kara, amma a ganina kaso mafi tsoka na kuɗin gwamnati ya kamata ya tafi ga wanda ke tsaye gaban allo.

Tun ƙarshen shekarun 1990 ƙasarmu ta dogara ga malaman kwantiragi, har suka zama su ne mafi yawa a makarantun firamare. Ana tura matashi daga garin Tawa zuwa wani ƙauye na Buza ko Keita da horo kaɗan da albashi ƙanƙani, wanda sau da yawa kan yi jinkiri, sannan a yi mamaki idan ya shiga yajin aiki ko ya bar alli ya tafi cirani. Jarrabawar da aka yi wa waɗannan malamai a 2017 ta nuna rauni mai yawa, sai dai mutanen da aka ɗauka cikin gaggawa aka bar su ba mai bibiya ba su kaɗai ke da alhaki ba. Abin da suke buƙata shi ne albashi kan lokaci, ƙarin horo a makarantun horar da malamai, da hanyar zama ma'aikatan gwamnati na dindindin.

Ɗan talaka kuma yunwa ce ke fara fitar da shi. A wajejen Abalak da Cintabaraden, makiyayi ba zai bi dabbobi ya bar ɗansa a lakwal ba, sai ya tabbata akwai mai ciyar da shi. A ƙauyukan manoma, idan rumbu ya yi ƙasa, yarinya ce ake fara cirewa a ɗora mata talla. Ciyar da ɗalibai ta daɗe tana jingine da tallafin Hukumar Abinci ta Duniya da sauran masu agaji, kuma tallafin waje ba shi da tabbas. Ya dace gwamnati ta ware wa ciyarwar kaso tabbatacce a kasafin kuɗi, a sayi gero da wake daga manoman yankin, a damƙa sa ido a hannun kwamitocin iyaye, a kuma fara da ƙauyukan da yara suka fi barin karatu.