Arha daban, sauƙi daban

Har yanzu zuciyata ba ta huce ba kan hotunan sunan ranar Asabar. Yaron da ya ɗauke su ɗan ƙanwata ne. Wata goma sha ɗaya yana zubin adashi kafin ya sayi kyamarar da mai shago ya rantse masa cewa ta 'yan koyo ce. Ya ɗauki hoto sama da 200 a tsakar gida bayan magariba, waɗanda suka fito ba su kai 20 ba, sauran duk dishi-dishi. Ya zo ya same ni idonsa ya ciko: "Kawu, ko dai ni ne ba ni da kan abin?" Wai kuma har da masu ce min laifinsa ne, ya je ya karanta littafin da ke cikin kwali. Ban yarda ba. Laifin masu ƙerawa ne da masu talla.

Arha daban, sauƙi daban. Abin da kamfanoni ke yi shi ne su ɗauko kyamarar ƙwararru, su zare wannan su zare wancan har kuɗinta ya sauko, sannan su ce ga ta 'yan koyo. Wahalar kuwa tana nan yadda take: haruffan P da A da S da M na zaɓen tsarin ɗauka a kan majuyi, da shafi bayan shafi na Turanci. Ku dubi Canon EOS R100 da ta fito a 2023. Sikirin ɗinta ba ya jin taɓi, ba ya juyawa, alhali yaron da aka ƙera ta dominsa da yatsa ya saba sarrafa waya tun yana firamare. Ko EOS 4000D ta 2018, wadda aka cire ƙarfen tsakiya na mazaunin filasharta, ta yadda filasha mai arha ta gama-gari ba za ta tashi ba. To wa ya fi ɗan koyo bukatar filasha mai arha? Wannan ƙwauro ne, ba sauƙi ba.

Abin da ya sami yaron nan ba wani sirri ba ne. Idan haske ya yi ƙaranci, kyamara takan bar idonta a buɗe ya ɗan jima don ya sha haske, a wannan ɗan tsakanin hannu ya motsa, mai jego ta juya, hoto ya dagule. Kyamarar ta san haka na faruwa, ita ce ma ta auna hasken. Amma duk abin da ta yi masa shi ne ƙifta wata 'yar alama a lungun sikirin. Me zai hana ta rubuta masa ɓaro-ɓaro: duhu ya yi, kunna filasha ko ka jingina da bango? Me zai hana mai shago ya gaya masa cewa gilashin gaban kyamara da ke zuwa a kwali ba ya son duhu, ya tara ya sayi 50mm mai f/1.8, wato gilashi mai faɗin ido da ya fi shan haske? A'a, megafiksel, wato yawan ɗigogin da ke haɗa hoto, kawai aka yi ta karanta masa, don shi ne lambar da aka buga da manyan baƙi a kwali.

Kada wani ya ce min ba zai yiwu ba. A 1888 George Eastman ya sayar da Kodak da alkawari guda: kai dai danna maɓalli, sauran aikin namu ne. A 1900 ya fito da Brownie a kan dala ɗaya, har yara suka iya. Nikon ta sa wani tsari mai suna Guide a D3000 tun 2009, kyamarar ce ke tambayarka abin da kake so, ko abin da ke bayan mutum a hoto ya dushe ko mai gudu ya tsaya cak, sannan ta nuna maka abin da za ka juya. D3500 ma batirinta kan ɗauki hoto 1,550 a caji ɗaya, kuma duk wanda ya san halin wutarmu ya san darajar wannan. Sony ta sa wa ZV-1 maɓalli guda na dusar da baya a 2020. Sun iya, in sun ga dama.

Masu cewa dole mutum ya koyi ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, da sauransu, na ji, zai koya. Amma wanda kyamara ta kunyata a gaban dangi a makon farko, akwati zai jefa ta. Masu cewa ai waya ta kashe kasuwar kuwa, hujjata kuke ƙarfafawa. A 2010 kamfanonin kyamara sun fitar da guda miliyan 121, a 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Waya ba ta fi kyamara ido ba, ta fi ta sanin wanda ke riƙe da ita ne. Tecno ta zauna ta gyara kyamararta don baƙar fata ta fito da kyau, shi ya sa ta shiga gidajenmu. Ni kuwa duk kyamarorin da suka bi ta hannuna, ban ga mai Hausa a cikinta ba, ko kalma ɗaya.

Jiya da la'asar na zaunar da shi a zaure, muka yi ta ɗaukar buta da tabarma har ya gane inda gizo ke saƙa. Da hoton farko ya fito tas, sai da ya miƙe tsaye don murna.

Af, daga cikin 'yan hotunan da suka tsira akwai na Hajiya rungume da jaririyar, ina so a wanke shi babba a sa a firam kusa da na marigayi Baba. In akwai wanda ya san situdiyon da har yanzu ke wanki da takarda mai kauri, wadda ba ta koɗewa bayan damina biyu, don Allah ya yi min kwatance.