Shayarwa ibada ce, a tambayi masu saninta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ƴan uwana mata da maza na Maradi da kewaye, ina roƙon ku saurara da kunnen basira, domin maganar ta shafi rayukan da za a tambaye mu a kansu ranar gobe.

Allah Maɗaukakin Sarki bai bar zancen nono a hannun al'ada ba, da kansa Ya yi magana. A Suratul Baƙara aya ta 233 Ya ce iyaye mata su shayar da ƴaƴansu shekara biyu cikakku, ga wanda ya so cika shayarwa, kuma a cikin ayar nan dai Ya ɗora wa uban ɗa ciyar da uwar da tufatar da ita gwargwadon hali. A Suratu Luƙman aya ta 14 Ya sake ambaton yaye cikin shekara biyu. Da aka haifi Annabi Musa, Alaihis Salam, a lokacin da Fir'auna ke yanka ƴaƴa maza, umarnin farko da ya zo wa mahaifiyarsa shi ne ta shayar da shi. Duk abin da Allah Ya ba wannan matsayi ibada ne, ibada kuwa ana koyonta. Muna zuwa gaban malam mu koyi alwala, ba ma jin kunya. To me ya sa yarinya mai cikin fari za a bar ta da jariri a hannu, a ce ai nono ba ya buƙatar koyo?

Yana buƙata, wallahi. Mata da yawa suna kuka a ɗaki saboda kan nono ya tsage yana jini, sun ɗauka haka shayarwa take, sai haƙuri. Alhali galibi kamun yaron ne bai yi daidai ba. Idan ungozomar asibiti ta zauna kusa da uwa ta gyara masa kwanciya, cikinsa na fuskantar cikinta, ya buɗe baki sosai, haɓarsa ta taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, ya kama har da baƙin da ke kewaye da kan nonon, sai zafin ya ragu, yaro ya ƙoshi. Aikin ƴan mintuna ne ga wadda ta iya. Allah Ya ce a Suratun Nahli aya ta 43 a tambayi ma'abota sani idan ba a sani ba, kuma a wannan fage masu sanin su ne ungozomomi da likitocin da suka karanci abin, da ma'aikatan lafiyar da ke zagawa unguwanni da ƙauyuka.

Tun daga awon ciki ake fara tambaya. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Ƴar uwa, idan kin je kada ki tsaya ga hawa sikeli da karɓar maganin ƙarin jini. Buɗe baki ki ce a nuna miki yadda ake riƙe jariri, a duba nononki, ki kuma roƙa cewa da zarar kin sauka a ɗora miki shi a ƙirji, fata da fata, ya kama nono cikin awa ɗaya ta farko. Wannan tsotson na farko yana taimaka wa mahaifa ta tsuke, zubar jini ya ragu. Ko tiyata aka yi miki, ana iya taimaka miki ki shayar.

Yanzu ga iyayenmu da kakanninmu, da ladabi nake magana, ku ne kuka raine mu. Inna, don Allah a daina tatse dakashi ana zubarwa. Wannan ruwan mai kauri, mai launin rawaya, da ke fitowa kwanakin farko, shi ne rigakafin farko da Allah Ya tanadar wa jariri, cike yake da abin da ke kare hanjinsa daga cuta. Kaɗan yake fitowa saboda cikin jaririn ma ɗan ƙarami ne, bai fi ɗan goro ba. Farin nono yana zuwa a kwana na 2 zuwa na 4, kuma tsotso ne ke kiransa. Idan aka ce nono bai kawo ba aka ɗura wa yaro madarar akuya ko ruwan sukari ko jiƙo, ya ƙoshi ya daina tsotsa, nonon ya ƙara jinkiri, ga zawo ya biyo baya. Haka nan gwajin da ake yi na jefa tururuwa cikin nono a ce idan ta mutu nonon mugu ne. Ba shi da tushe a addini, ba shi da shi a likitanci, kuma ya raba yara da abincinsu ba gaira ba dalili. Zuma ma, duk da albarkarta, ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna.

Na san abin da za a ce game da ruwa. Zafin Maradi a watan Afrilu da Mayu ya kan haura digiri 40, babba ma maƙoshinsa bushewa yake, balle jinjiri. Tausayi ne ke sa a ba shi, ban musa ba. Amma kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, tsabtatacce, wanda bai bi ta randa ko jarka ba. Wata 6 na farko nono zalla ya wadatar. Idan zafi ya yi yawa uwar ce za ta sha ruwa da yawa, ta ƙara yawan ba shi nono, dare da rana, sau 8 zuwa 12 ko fiye. Bayan wata 6 a fara kunu mai kauri da sauran abinci, nono kuma na ci gaba har shekara 2. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin da ake kwantar da yara masu tamowa a lokacin damina ba zai ɗauki wannan magana da wasa ba.

Akwai kuma kunyar ɗan fari. Kunya ado ce, kuma tana cikin imani. Sai dai kunyar da za ta sa yarinya ta bar ɗanta yana tsala kuka don surukai na zaune, ko ta ɓoye nono ya kumbura ya yi tauri har zazzaɓi ya kama ta, ba ita Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya yaba ba. Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Nonon da ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi, a je asibiti a ranar, kuma yawanci za a ce ki ci gaba da shayarwa, domin barinsa cike ne ke ƙara ciwon.

Maigida, ragon suna ba shi ne ƙarshen nauyinka ba. Mai jego tana buƙatar ci mai kyau har ta yaye: wake, ƙwai, zogale, gyaɗa, nama ko kifi idan an samu. Kai ne mai ba da izinin fita, kai ne mai kuɗin mota, kai ne kuma za ka iya yi wa mahaifiyarka bayani cikin ladabi inda matarka ba za ta iya ɗaga ido ba. Idan ka ga jariri ya kasa kama nono, ko barci ya yi masa yawa ba ya tashi ci, ko idonsa da jikinsa sun yi rawaya, ko fitsarinsa ya ragu, kada ka jira a yi suna, kada ka jira arba'in. Ɗauke su zuwa asibitin unguwa, idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku cibiyar kula da uwa da yaro ta Maradi. Bakwainin da bai iya tsotsa ba ma ana koya wa uwarsa ta tatsa a ba shi da ƙaramin kofi mai tsabta.

Idan azumi ya zo, mai shayarwar da ke tsoron cutuwar kanta ko ɗanta tana da rangwamen ajiye shi. Ta tambayi ma'aikaciyar lafiya halin jikinta, ta tambayi malami yadda za ta rama.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya sanya albarka a nonon masu shayarwa, Ya saka wa ungozomominmu da ke kwana a tsaye. Amin.