Ba duk baƙin gaɓar yatsa ne bilicin ba

Ƙanwar mahaifiyata ta yi kusan shekara tana ɓoye hannunta cikin mayafi. Gaɓoɓin yatsunta sun yi baƙi, sun ɗan tasa, suna saɓa. A gidan biki mata sai su kalli hannun su kalli juna: "Ashe Hajiya ma ta shiga bilicin." Matar da ko basilin sai an tuna mata take shafawa. Ni ma na zarge ta a raina, Allah Ya yafe mini.

A daidai lokacin ne ta fara kasa tashi daga tabarma sai ta dafa bango. Ɗaura ɗankwali ya gagara, don hannun ba ya ɗaguwa. Muka ce sanyi ne, muka ce girma ne. A kemis aka ba ta man shafawa mai ƙarfi, ƙurajen suka lafa kwana kaɗan suka dawo.

Sai da likitan fata ya kama yatsun, ya duba gindin farce da madubi, ya ce, "Mama, miƙe daga kujerar nan ba tare da kin dafa ba." Ta kasa. Aka gwada jini, aka ga sinadarin CK da ke nuna lalacewar tsoka ya hau. Sunan ciwon damatomayosaitis.

Garkuwar jiki ce ke juyowa kan mai ita. Intaferon, wani sinadari da jiki ke fitarwa don yaƙar bairos, sai ya yi ta zuba alhali babu abokin gaba, ƙananan jijiyoyin jini na fata da tsoka su yi ta lalacewa. Shi ya sa ciwon ke bayyana a hannu, wani lokaci tun kafin ƙarfi ya tafi. Ƙurajen da ke hawa kan gaɓoɓin yatsu sunan Heinrich Gottron suka ci, likitan Jamus da ya siffanta su a farkon shekarun 1930. Littattafai na cewa jajaye ne masu ruwan shuni. A farar fata kenan. A tamu baƙi-baƙi suke fitowa, kuma nan ake rasa mutanenmu.

Abin da ya fi girgiza ni, hannun yana ba da labarin cikin jiki. Wanda gefen yatsunsa ya yi kaushi ya tsattsage kamar na makaniki, alhali bai taɓa riƙe sifana ba, akan samu sojan garkuwa mai suna anti-Jo-1 a jininsa, kuma huhunsa na cikin haɗari. Mai ƙuraje masu zafi a tafin hannu da gyambo, akan samu wani sojan mai suna anti-MDA5, kuma ciwon na iya cin huhu cikin makonni ko da tsoka lafiyarta lau. Wani nau'in sojan, anti-TIF1-gamma, yana yawan zuwa tare da ciwon daji a manya, don haka ake binciken ciwon daji ga duk babban da aka samu da ciwon.

Ina roƙonmu mu rage saurin yanke hukunci a kan hannun mata, musamman da yake ciwon ya fi kama su. Mai bilicin sauran fatarta ta yi haske, gaɓoɓin kuma, duk da baƙinsu, a shafe suke ba su tasa ba. Idan sun tasa suna saɓa, ga kumburin fatar ido, ga kasa hawa bene ko tari mara ƙarewa, ba maganar kemis ba ce, ba ta sammu ba ce. A kai ta asibitin koyarwa.

Inna tana shan magungunan furednisolon da metotirezet, an hana ta zaman rana. Baƙin bai gama bajewa ba. Ranar Juma'a da na je gaishe ta, na tarar ta ɗaura ɗankwalinta da kanta.