Na goro, in ji ni

Jiya da la'asar na kai wa wani ma'aikaci ambulan, saboda fayil ɗina ya yi wata 3 a teburinsa. Na ce, "Yallaɓai, ga na goro." Ya jefa a durowa, ko ɗago kai bai yi ba. Ni kuwa sallar isha'i da ƙyar na san raka'a nawa na yi.

Wanda ya tsaya mini a rai wani Ba'amurke ne, Oakes Ames. Shebur suke ƙerawa shi da ƙaninsa Oliver a garin Easton, jihar Massachusetts, sana'ar da suka gada wurin mahaifinsu. Masu haƙar zinariya a Kalifoniya sun saya, sojojin yaƙin basasar Amurka ma sun saya. Arzikin guminsa ne. A 1863 ya shiga majalisar wakilai, ya kuma tsunduma aikin layin dogo na Union Pacific. Kamfanin da ke riƙe da kwangilar, Crédit Mobilier, na masu layin ne da kansu: su ba kansu aiki, su tsuga wa kansu kuɗi. Don kada majalisa ta sa ido, sai Ames ya riƙa sayar wa abokansa 'yan majalisa hannun jari da araha. Wasunsu ko sisi ba su fitar ba, daga ribar aka cire kuɗin. Shi a wurinsa ciniki ne kawai, har rubutawa yake a ɗan littafinsa.

A 1872 jarida ta tona asiri. A Fabrairun 1873 majalisa ta yi Allah wadai da shi, a watan Mayu ya mutu. Kamfanin Union Pacific ya gina musu dalar dutse shi da ƙaninsa a Wyoming. Daga baya aka sauya wa layin hanya, dalar na can a fili ita kaɗai.

'Yan uwa, mu fa? Buhun shinkafa ga mai duba jarrabawar ɗanka. Ragon Sallah ga magatakardan kotu alhali shari'arka na gabansa. Na mai, na ruwa, na kati. Sunaye kala-kala muka raɗa wa abin don kada zuciya ta tsarge mu. Kun san maganar Manzon Allah (SAW) kan mai karɓar zakkan nan da ya ce kyauta aka ba shi: ya zauna gidan iyayensa mana, ya gani ko za a kawo masa. To ni da na kai, da ba ya kan kujerar nan, ko gaisuwa zan je masa? Wallahi a'a.

Abin da ya fi ci mini rai, akwai wata dattijuwa a benci, ta riga ni zuwa. Fayil ɗinta na tsallake.

Don Allah mu daina. Ɗan uwa, in ambulan ɗin na aljihunka yanzu, koma da shi gida. Ni kuma ku saka ni a addu'a, gobe zan koma ofishin nan, ko Allah zai sa in same ta.